Bakandamiyar Ɗan Abzin: Hanyar da Mdou Moctar da Ƙungiyarsa Suka Bi

Jawabin da aka gabatar a filinmu na kiɗa da al'adu, an buga shi kamar yadda aka karanta.

Jama'ar Mai Wurno da Shaihu Talha, da na Sinnar da Sinja, da 'yan'uwanmu na Damazin da Rusairis, barkanmu da warhaka. Makiyayan da ke bin ciyawa can kudu wajen iyakar Habasha, Allah ya tsare muku dukiya. Fatake da direbobin lori masu jiran hanya a Gallabat ko Kurmuk, Allah ya kawo kasuwa mai albarka.

Maganarmu ta yau wani dattijo ne ya jawo ta, ɗan kasuwar riɗi daga Mai Wurno. Ya aiko mana da saƙon murya, ya ce ɗansa ya dame shi da wani kiɗan jita a waya, mai ƙara kamar injin niƙa. Da ya tambayi yaron ko na wane ne, sai ya ce na wani Ba'abzine ne daga Nijar, ana ce masa Mdou Moctar. To Alhaji yana tambaya biyu. Ta farko, wannan abu kiɗa ne ko hayaniya? Ta biyu, me ya haɗa ɗan Mai Wurno da waƙar da ko yarenta ba ya ji?

Alhaji, Allah ya ƙara girma, mun ji. Hukuncin kiɗa a addini dai na malamai ne, gare su ake zuwa, ba za mu yi musu shisshigi ba. Abin da za mu iya shi ne mu ba ka labarin mutumin da ƙungiyarsa, daga inda suka taso har zuwa kundin waƙoƙinsu da ya fi shahara. In ka ji, sai ka auna da kanka.

Bari mu fara da abin da kowa ya sani. A ƙasar Hausa kowane babban makaɗi yana da waƙar da ake kira bakandamiyarsa. Narambaɗa yana da tasa, Mamman Shata yana da tasa. Ita ce waƙar da mutum ke tara duk fasaharsa a ciki, kuma ba a yin ta ranar da aka fara kiɗa. Sai an sha yawo, an sha kunya a gaban jama'a, an gane abin da aka iya da abin da ba a iya ba. Turawa ma haka abin yake a wurinsu. A ƙarshen shekarun 1960 wasu samari a Ingila suka gaji da waƙar minti uku ta rawa. Suka fara tsawaita kiɗan da ake kira rok, suna canza masa tafiya a tsakiya, suna shirya faifai guda ya zama magana ɗaya daga farko har ƙarshe. Ƙungiyar Pink Floyd ta birnin Landan tana cikinsu. An kafa ta a 1965, amma sai a 1973, a faifanta na takwas mai suna The Dark Side of the Moon, ta yi bakandamiyarta. Faifan yana magana a kan lokaci da kuɗi da hauka da mutuwa, ya kuma yi sama da shekara 14 yana cikin jerin waɗanda aka fi saye a Amurka. Wanda muke magana a kansa yau Bature bai haife shi ba, amma irin wannan doguwar hanya ya bi, a cikin rairayin Nijar.

Sunansa na yanka Mahamadu Sulaiman. An haife shi a tsakiyar shekarun 1980 a yankin Azawak na jihar Tawa, ƙasar Abalak da Cintabaradan, ƙasar raƙuma da shanu da rijiyoyi masu zurfi. Makiyaya, kun san abin da shekarun nan suke nufi. Farin 1984 da ya kashe mana dabbobi a Kurdufan da Darfur, shi ne ya kashe na Abzinawa, bayan wanda ya riga ya cinye su a 1973. Samarin da garkensu ya ƙare suka bazama Aljeriya da Libiya neman aiki. A can cikin kewar gida suka ɗauki jita, suka ɗora mata kiɗan iyayensu mata na tande, wato turmi da aka rufe da fata, da kiɗan takamba na molo da ƙwarya. Daga nan ƙungiyar Tinariwen ta Mali ta fito. A Nijar kuwa babban sunan shi ne Abdallah Oumbadougou, wanda ake ɓoye kasetocinsa a lokacin tawayen Abzinawa na farkon shekarun 1990, kafin sulhun 1995.

Mahamadu yana yaro ya ga Abdallah yana wasa, abin ya shiga ransa. Sai dai gidansu gidan addini ne, ba sa son jin zancen jita, kuma ko sun so babu kuɗinta. Yaron ya samo katako, ya ɗaura masa wayoyin birkin keke, ya riƙa koyo a ɓoye. Ga shi bahago, da hagu yake kaɗawa. Alhaji, ka ga ashe damuwarka ba sabuwa ba ce, iyayensa ma sun yi irinta. Da ya tasa ya tafi ci-rani Libiya kamar sauran samari, ya dawo gida, ya shiga kiɗan bukukuwa.

To ga inda labarin ya taɓo mu. A 2008 ya tsallaka iyaka ya sauka Sakkwato, birnin da kakanninmu suka baro. A wani situdiyo na can ya ɗauki kundinsa na farko mai suna Anar. Lokacin kuwa waƙoƙin finafinan Hausa ke tashe, da gangar kwamfuta, da na'urar nan mai sirantar da murya ta mai da ita kamar ta ƙarfe. Shi ma haka aka yi masa: waƙa da Tamashek, yaren Abzinawa, amma cikin rigar waƙar fim ta Kano. Wanda ya ji Anar yau zai gane saurayi ne mai baiwa da ya ari rigar da ake yayi. Ba laifi ba ne, kowa da aro yake farawa.

Kundin nan ba a sayar da shi a kanti ba a lokacin. Ku ne kuka yaɗa shi, ko irinku: direbobi da fatake da masu shagon cajin waya. Daga memori zuwa memori, daga waya zuwa waya ta Bluetooth, a tasha da bakin rijiya da kasuwar dabbobi, har waƙoƙin suka kai arewacin Mali. A garin Kidal wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mai kamfanin faifai na Sahel Sounds, yana tattara waƙoƙin da ke cikin wayoyin mutane, ya ci karo da wata mai suna Tahoultine. Ya sa ta cikin faifan da ya fitar a 2011 na waƙoƙin wayoyin Sahara. Ya sha wahala kafin ya gano mai ita, don a memori sau da yawa ba a rubuta sunan mawaƙi. A nan akwai abin lura ga masu tura waƙa a kasuwa. Memori ya kai sunan yaron nan inda ƙafarsa ba ta taɓa zuwa ba, amma ko sisi bai kawo masa ba. Sai da aka san sunansa, aka nemo shi, sannan guminsa ya fara amfanarsa.

Daga nan sai matakai suka biyo juna. A 2013 aka fitar da Afelan, wanda aka ɗauka a Cintabaradan, babu na'urar gyara murya, kiɗan biki ne tsagwaronsa da na zaman dare. A 2015 ya fito a fim da aka yi a Agadas da harshen Tamashek, kwaikwayon fim ɗin Purple Rain na mawaƙin Amurka Prince. Sunan fim ɗin ma abin dariya ne, don fassararsa ita ce ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja a ciki. Labarin saurayi ne mai jita da babur, da uban da ba ya so. A 2017 ya yi Sousoume Tamachek, kundi mai sanyi, shi kaɗai ya kaɗa kayan ya yi muryoyin.

Har zuwa nan mutum ɗaya ne ake magana. Abin da ya canza komai shi ne haɗuwar mutum huɗu. Ahmoudou Madassane yana riƙe jita ta biyu, mai kama tafiyar kiɗa. Souleymane Ibrahim yana kan ganguna. Sai wani Ba'amurke, Mikey Coltun, mai jita mai kaurin murya da ake kira bes, wanda kuma shi ke kula da ɗaukar sauti. In zai zo wurinsu sai ya sauka Yamai a jirgi, sannan ya hau bas ya yi sama da kilomita 900 zuwa Agadas. Makarantarsu kuwa bukukuwan aure ne na Agadas: fili, janareta, lasifika da ta sha ƙura, samari da rawani suna rawa har dare ya raba. A irin wannan wuri in kiɗanka ya yi sanyi, mutane watsewa suke yi. Saboda haka suka koyi sauri da ƙarfi, suka koyi yadda ake riƙe waƙa ɗaya tsawon lokaci ba ta gundiri kowa ba. Mahamadu kuma ya ga bidiyon wani makaɗin Amurka, Eddie Van Halen, yana buga wuyan jita da yatsu maimakon kaɗawa kawai. Ya ɗauki dabarar ya sarrafa ta yadda za ta hau kiɗan takamba.

A 2019 aka fitar da Ilana, wanda aka ɗauka a situdiyo a birnin Detroit na Amurka, kundin Mahamadu na farko da cikakkiyar ƙungiya. Ya yi suna, an yabe shi. Amma wanda ya saurara da kyau zai ji jitar Mahamadu ce a gaba kamar ingarman doki, sauran suna biye. Ƙarfi ya samu, saura sanin inda za a sassauta.

Shi ne abin da ya samu a Afrique Victime, wanda kamfanin Matador na New York ya fitar ranar 21 ga Mayu, 2021. Sunan da Faransanci ne, ma'anarsa Afirka wadda aka zalunta. Ba a zaune wuri ɗaya aka ɗauke shi ba. A kan hanya aka yi shi, wani a situdiyo, wani a ɗakin otal, wani a bayan dandalin wasa, wani a fili a Nijar. Waƙoƙi tara ne, kuma an jera su da lissafi. Ta farko, Chismiten, da takun ƙafa da carar zakara take buɗewa, kamar asubar ƙauye, kafin jita ta tsage. Maganarta a kan hassada ce da roƙon tsari daga gare ta. Bayan zafi sai a kawo sanyi: Tala Tannam waƙar so ce a hankali, da jita marar lantarki da tafi da amshi, irin wadda za a yi a gindin bukka bayan an sha shayi. Ya Habibti da Layla girmamawa ce ga Abdallah Oumbadougou, wanda ya rasu a 2020, wato almajiri yana gaida malaminsa a lokacin da duniya ta fara kallonsa shi.

Sai waƙar da aka sa wa kundin sunanta, mai tsawon sama da minti bakwai. Tana farawa da tafiyar raƙumi mai natsuwa, murya tana lissafa abin da aka yi wa Afirka, tana gargaɗi a kan yin shiru, har da ambaton Gaddafi. Can sai ganga ta fara ƙara sauri, kaɗan kaɗan, kamar garken da ya shaƙi ƙamshin ruwa. Magana ta ƙare, jita ta karɓa, tana kuka tana kururuwa har ƙarshe. Alhaji, ina jin wannan wurin ne ka ce injin niƙa. Da gangan aka yi shi. Mutumin ya san garin Arlit, inda kamfanin Faransa ya fara haƙar yuraniyam tun 1971. An yi shekara da shekaru ana kai shi Turai ana samar da lantarki, alhali yawancin ƙauyukan Nijar suna kwana cikin duhu, makiyaya suna jan guga. Wanda ya ga haka, in ya zo faɗa, ba da muryar rarrashin jariri zai faɗa ba. Kuma da ƙarar ta lafa, kundin ya rufe da Bismilahi Atagah, a hankali, kamar mai shafa addu'a.

Wannan jeri na zafi da sanyi, da yadda mutum huɗu suka zama kamar hannu ɗaya, shi ya sa masana kiɗa suka ɗaga kundin. Mujallu irin su Pitchfork da Rolling Stone sun sa shi cikin mafi kyau na shekarar 2021. A 2023 Rolling Stone ta sa Mahamadu cikin jerin makaɗan jita 250 da ta ce sun fi kowa a tarihi. Yaron da ya fara da wayar birkin keke ke nan.

Bayan haka ma ba su zauna ba. Suna Amurka wasa sojoji suka kifar da gwamnatin Nijar ranar 26 ga Yuli, 2023, aka rufe iyakoki, suka maƙale a can ba hanyar gida. Fatake, ba sai an yi muku bayanin rufe iyaka ba. A Mayun 2024 suka fitar da Funeral for Justice, wato jana'izar adalci, wanda ya fi na baya zafi. A 2025 suka sake fitar da waƙoƙin nan da kayan kiɗa marasa lantarki, a kundin Tears of Injustice, wanda suka ɗauka lokacin da suke maƙale. A cikinsu akwai waƙar Imouhar, kira ne ga Abzinawa kada su bar harshensu ya mutu a bakin 'ya'yansu.

To yanzu mu dawo gida, ga tambayar Alhaji ta biyu. Me ya haɗa ɗan Mai Wurno da wannan? Ku duba tafiyar mutumin nan. A Sakkwato ya ari salon 'yan fim. Daga Amurka ya ari dabarar yatsu da situdiyo da abokin aiki. Lantarki da lasifika duk na aro ne. Abu biyu ne bai taɓa musanyawa ba tun daga Anar har yau: harshensa, da bugun tande da takamba na gidansu. Da ya koma waƙa da Turanci don ya shiga kasuwa, da ya zama ɗaya cikin dubu. Abin da ya riƙe shi ne abin da duniya ta zo saye. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, in ji Hausawa.

Mu kuwa mun fi shi sanin nisa da gida. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a gabas, har suka sauka a bakin kogin nan kusa da Sinnar. Sama da shekara 100 ke nan. Mun yi noma a hawashar Jazira, mun yi kiwo, mun yi fatauci, mun koyi Larabci har ya zama namu. Mun kuma ba ƙasar nan abin alfahari: A'isha Falatiya, 'yar Hausawa, tana cikin matan farko da suka rera waƙa a rediyon Omdurman a farkon shekarun 1940, da Larabci ta yi suna, kuma ta yi waƙa da Hausa. Amma mu faɗa wa juna gaskiya. Gidaje nawa ne yau kaka za ta yi wa jika magana da Hausa ko Fulatanci, ya amsa mata da Larabci? Yara nawa ne suka san waƙar daka ko ta niƙa da iyayenmu mata suke yi? Samari nawa ne za su iya kirarin shanu irin na kakanninsu, su kira kowace saniya da launinta da ƙahonta?

Ga kuma yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, wanda ya kai Wad Madani, ya kai Sinja, ya watsa iyalai zuwa Gadarif da Damazin da bayan iyaka. Wanda ya gudu da abin da ke jikinsa bai ɗauki kaset ba, bai ɗauki littafi ba. Tsofaffi da yawa sun tafi a hanya da abin da ke cikin kansu. Gida in ya rushe ana sake ginawa, garke in ya ragu yana hayayyafa. Waƙar da mutum ɗaya ya rage ya sani, in ya rasu shi ke nan.

Saboda haka, Alhaji, ga shawararmu, in ka yarda. Kada ka ƙwace wayar. Ka kira yaron bayan sallar isha'i, ka ce ya sa maka Tala Tannam, ka ji ko za ka gane tafin da amshin, don ba su da nisa da namu. Sannan ka ce masa: wancan ya kai kiɗan uwayensa duniya, kai ina naka? Ka tura shi wurin kakarsa da wayar nan, ya ɗauki waƙoƙinta da tatsuniyoyinta da labarin hijira yadda ta ji shi daga nata kakannin.

Ku kuma samari, in za ku ɗauka ku yi shi da tsari. Ku nemi izinin mai magana tukuna. A farkon ɗauka ku faɗi sunansa da garinsa da ranar, kada a maimaita abin da ya sami Mahamadu, waƙa tana yawo ba a san mai ita ba. Ku nemi wuri marar iska, nesa da janareta. Ku ajiye a memori biyu, ɗaya a hannunku, ɗaya wurin ɗan'uwa a wani gari. Masu shagon caji da tura waƙa a Sinnar da Damazin da Gallabat, ku buɗe wa irin waɗannan wuri a kwamfutocinku, ku rubuta sunayen masu su daidai. Makiyaya, in kun sauka mashaya da yamma, dattijo ya fara kirari, waya tana aljihu, ku danna.

Alhaji, Allah ya shirya mana zuri'a. Duk wanda ya ɗauki wani abu daga bakin tsofaffi kuma mai shi ya yarda, ya aiko mana, za mu sa a wannan fili da sunan mai shi. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa, ya ba mu damina mai albarka. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.